Radomil Pazdera da Ruwan Famfo

Ƙasarmu ce ta koya wa duniya dafa giya, garinmu Tuchorin kuma shi ya koya wa ƙasarmu. Wannan ba ra'ayina ba ne. Haka aka buga a takardar da ake mannawa a jikin kwalba, da haruffa ruwan zinariya, ƙarƙashin hoton wata barewa. Ita kwalbar ba ta taɓa wuce ƙauyuka shida da ke kewaye da mu ba, kuma a cikin shidan ma biyu sun daina karɓa tun makon da aka yi musu kwalta, motocin wasu kamfanoni suka samu hanyar shiga. An rufe kamfanin giyarmu a shekarar 1996. Yanzu tayoyi ake ajiyewa a ciki.

Babu wanda ya san iyakar tafiyar wannan kwalba kamar Radomil Pazdera, don shi yake kai ta. Ya shiga kamfanin yana da shekara goma sha bakwai, aka miƙa masa buroshi mai dogon hannu aka nuna masa ganguna. Ya yi shekara tara yana wanke su kafin a ɗaga shi zuwa direba. A shekara ashirin da takwas da ya yi a wurin, sau biyu ya taka ɗakin tukwane inda ake ainihin dafuwar: sau ɗaya ya kai saƙo, sau ɗaya ya fake wa ruwan sama. Duka biyun korarsa aka yi. Da kamfanin ya mutu ya koma tuƙa bas tsakanin garinmu da babban birnin gunduma, safe da yamma, har ya yi ritaya a 2012. Dogo ne, mai ɗan ranƙwafawa, ba ya ɗaga murya, kuma in ya yarda da abu sai dai a binne su tare. Matarsa Bohdana ta yi aiki a gidan waya, inda ta koyi kallon mutum ta saman tabarau har ya tuna abin da ya manta bai rubuta ba.

Tsofaffin ma'aikatan kamfanin suna da al'ada. Asabar ta ƙarshe a watan Satumba, ranar da aka kashe wutar tukunya ta ƙarshe, sukan taru da rana a lambun mashayar da ke kusa da tashar jirgi, su ci gasasshiyar agwagwa da kabeji mai tsami, su sha giyar wani kamfani suna zaginta. A taron shekarar da Radomil ya yi ritaya mutum ashirin da uku ne a teburin. Olda, wanda dā yake hura wutar tukunya, ya ɗaga kofinsa ya dube shi kamar ya tsinci ƙuda a ciki.

"Wannan ruwan wanke ƙafa ne," in ji shi. "Haƙora huɗu suka rage mini. Zan ba da uku in sake ɗanɗana tamu sau ɗaya."

"Ka riƙe haƙoranka, ba mai so," in ji Ruzena, wadda ta yi shekara ashirin tana toshe bakin kwalabe.

Sai Radomil ya miƙe tsaye. Ba a taɓa ganin ya miƙe a taro ba, har wasu suka zaci gida zai tafi. Ya ce, "Baɗi war haka, tamu za ku sha a teburin nan. Ni zan dafa ta."

Aka tafa masa. Mutane sun ƙoshi, kuma ba wanda ya ɗauka da gaske yake.

Da gaske yake. Ya share ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu, ya fitar da keken Bohdana da kwalaben kokwamba, ya sayi tukunya mai cin lita hamsin. Sannan ya zauna ya rubuta wa Maigida Hynek wasiƙa. Maigida Hynek shi ne shugaban dafuwa na kamfanin shekara ashirin da shida, mutumin da in ya ratso fili direbobi sukan tuɓe hula ko suna cikin mota. Tun rufe kamfanin ya koma wurin 'yarsa can arewa, tafiyar awa biyar a jirgi, bai sake zuwa taro ba. Radomil ya yi kwana uku yana gyara gaisuwar wasiƙar kawai.

Amsa ta zo, shafi huɗu, da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Irin sha'ir ɗin da ake tsirarwa, zafin kowane mataki, yawan furen ɗaci da lokacin zuba shi, inda za a samo yis mai kama da nasu, kwana nawa za ta yi a sanyi. Komai yana ciki. Game da ruwa babu ko kalma ɗaya.

Da wannan wasiƙa ya zo gidana. Na koyar da ilimin sinadarai a makarantar garin shekara talatin, kuma ina da ragowar kwalaben gwaji a kabad.

"Malam, ka ga abin da bai rubuta ba?" Ya ɗora yatsa a ƙasan shafi na huɗu, inda takarda take fara. "Asirin ke nan. Koriyar ƙofa."

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin ya san koriyar ƙofa. A shekarar 1974 manyan motoci uku suka kawo injin tace ruwa. 'Yan badujala suka yi busa, wani babban jami'i daga gunduma ya yanke kyalle, aka shigar da injin wani ɗaki a ƙarshen fili, aka kulle. Makulli biyu ne, ɗaya wurin manaja, ɗaya wurin Maigida Hynek. A saman ƙofar akwai jar fitila da ba ta mutuwa. Kowace Litinin da safe Maigida Hynek yakan shiga da littafi a hammata, ya yi rabin awa, ya fito fuska a ɗaure. Radomil ya ga wannan daga filin ganguna, ya gan shi daga kujerar mota, shekara ashirin da biyu.

Kuma maganar ta hau hankali. A ƙasarmu yaro tun bai iya ɗaura takalmi ba ya san farar giya ruwa mai laushi take so. Ruwan Tuchorin kuwa daga tsohuwar rijiyar kamfani yake fitowa, ita ce ke ba famfunan gari tun zamanin kakanninmu, kuma nauyinsa sananne ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Butar shayi takan yi farin ɓawo a wata ɗaya. Kowane bahon wanka a garin yana da jan zane na tsatsa daga bakin famfo zuwa magudana. Na bi shi gidansu na gwada ruwan kicin ɗinsa a gabansa, na nuna masa lambobi: farar ƙasa fal, ƙarfe fal.

"Da wannan ba za a yi giyar kirki ba," na ce masa. Gaskiya na faɗa, kuma har yau ban janye ba.

Bohdana tana tsaye tana goge faranti. Ta ce, "To ka gwada da shi haka nan sau ɗaya mana, ka gani. Famfo ne, buɗewa kawai ake yi."

Muka yi dariya, ni da shi. Ya ce, "Bohdana, jeki ki manna kan sarki. Wannan maganar masu ilimi ce."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da goge faranti.

Matacinsa na farko buta ce ta roba, irin wadda ake zuba ruwa ta sama ya riƙa ɗiga ta cikin wasu ƙwayoyi da ke kama farar ƙasa. Lita ɗaya da rabi take ci. Don tara lita sittin sai ya kwana biyu yana zuba yana juyewa, kamar mai jinyar marar lafiya. A Satumba ya kai ganga lambun mashaya a cikin baro. Mutum ashirin da biyu suka sha. Olda ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya daɗe yana kallon sama.

"Ba laifi," in ji shi.

"Amma ita ce?"

"Ta yi kama da ita kamar yadda nake kama da hotona na soja."

Radomil ya koma ya sake rubuta wa Maigida Hynek, wannan karon tambaya ɗaya tak: me injin yake cirewa daga ruwan? Amsa ta zo bayan wata biyu. Maigida ya ba da labarin gwiwarsa ta hagu, ya ce an yi ƙanƙara da wuri a arewa, ya yi gaisuwa ga Ruzena. Radomil ya karanta sau uku ya gyaɗa kai cike da girmamawa. Ya ce babban mutum ba ya zubar da asiri a akwatin gidan waya. Na ce ya hau jirgi ya je ya same shi. Ya dube ni kamar na ce ya shiga coci da gajeren wando. Mai wankin ganga ba ya ƙwanƙwasa ƙofar Maigida ba a kira shi ba.

Mataci na biyu wani tulu ne shuɗi mai tsawon yaro, da ake ɗura wa gishiri buhu-buhu. Mai sayarwa ya rantse ruwan zai yi laushi kamar na sama. Ya yi laushin. Sabulu ya yi kumfa a gidan Pazdera karo na farko a tarihi, gashin Bohdana ya kwanta. Giyar kuwa, Ruzena ta kurɓa ta ce, "Radomil, ka manta karas. In da karas da ta yi miya mai daɗi." Shekara uku ya yi yana rage gishiri yana ƙara gishiri. A cikin shekarun nan teburin ya koma mutum goma sha shida.

Na uku shi ne mai tantani, wanda ake matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, ba ya barin komai ya wuce sai ruwa zalla. Na gwada abin da ya fito, allurar ma'aunina ko motsi ba ta yi ba. Giyar da aka dafa da shi ta fito tas, kuma ba ta da ɗanɗanon komai, kamar ka sha iska mai sanyi. Sai na bayyana masa cewa yis ma yana son ɗan abin da zai kama, don haka dole a mayar da kaɗan daga abin da aka cire. Ya yi odar farar ƙasa a 'yan ƙananan fakiti daga babban birni, yana aunawa da cokalin magani.

Bohdana ta tsaya a bakin matakala tana kallonsa. "Tsaya in gane. Ka sayi inji ya cire ƙasa daga ruwa. Yanzu ka sayi ƙasa kana zubawa a ruwa."

"Wannan ƙasar mai tsabta ce."

"Ta ina ta fi tamu?"

"Tana da takarda."

Matsalar mai tantani ita ce ruwanmu yana kashe shi. Fatar da aka ce za ta yi shekara biyu, a wata uku ta toshe da tsatsa ta koma ja kamar bulo. A nan ne Radomil ya yi abin da ya sa sunansa ya shiga jaridar gunduma. Akwai babban bututu da ke ɗauko ruwa daga madatsar da ke kan tsaunuka, ruwa mai laushi, yana wucewa kilomita tara daga garinmu. An shekara ashirin ana cewa za a haɗa mu da shi. Radomil, wanda bai taɓa ɗaga hannu a taron gari ba, ya ɗauki allo da biro ya bi gida-gida. Ya nuna wa mata gindin butocinsu. Ya nuna wa maza tukunyar ɗumama gida da ta toshe. Ya kai jar fatar nan zauren majalisar gari ya ajiye a gaban shugaba, a kan takardunsa. Ya tara sa hannu ɗari shida da goma sha biyu, nawa shi ne na biyu. Shekara uku yana zarya, har aka gaji da ganinsa aka amince. Aka sa watan Afrilu na 2023 a matsayin lokacin sauya ruwa.

A cikin sanyin wannan shekarar, 'yar Maigida Hynek ta yi wa Ruzena waya. Tsohon ya kai casa'in da biyu, yana so ya ga kabarin matarsa sau ɗaya kafin a kai shi kusa da ita, kuma za ta kawo shi ranar taro. Lokacin mutum biyar suka rage a teburin: Radomil, Olda, Ruzena, da wasu 'yan'uwa biyu daga ɓangaren lodi waɗanda kunnensu ya tafi, suna zuwa don agwagwa. Olda ya fara manta sunan jikokinsa. Harshen da ya rage a duniya da zai iya cewa "ita ce" a yarda, shi ne na wanda za a turo a keken guragu a ƙarshen Satumba, sau ɗaya.

Na sami Radomil a kicin da takardun talla shimfiɗe har kan murhu. Ya ja layi a takarda, ya jera matatai bakwai, ya ba kowanne maki. Wani yana da gawayi biyu, wani yana da fitila mai kashe ƙwayoyin cuta, wani an ce irinsa ake sa wa a jiragen ruwa.

"Pazdera," na ce, "a Afrilu ruwan tsauni zai zo. Ba ka buƙatar ko ɗaya."

"Malam, kai ka ga motoci ukun nan da idonka?"

"Ina makaranta lokacin."

"To ni na gani. Abin da ya cika mota uku ba farar ƙasa kaɗai yake cirewa ba. Akwai abin da ma'auninka ba ya gani."

"Kamar me?"

"Da na sani da na cire shi tuni."

Ya zaɓi mai hawa biyar: na farko yana tare yashi, na biyu ƙarfe, na uku wari, na huɗu tantani, na biyar fitila. Kuɗinsa ya kai abin da suka tanada don zuwa bakin teku, wanda Bohdana ba ta taɓa gani ba. Ta ce ba komai, ruwa ne shi ma, kuma ta ji an ce ba a tace shi ba.

A Afrilu aka yi biki. 'Yan badujala suka yi busa, shugaban majalisa ya yanke kyalle, Radomil yana tsaye a damansa da sabuwar riga, aka ba shi takardar godiya a cikin gilashi. Bayan mako biyu motar kankare ta zo ta cika tsohuwar rijiya har baki, kamar yadda doka ta tanada ga rijiyar da aka daina amfani da ita. Radomil ya je kallo. Ya ce mini bai taɓa jin sauƙi a ƙirjinsa irin na ranar ba.

Ya bi da ruwan tsauni ta hawa biyar ɗin nan, ya dafa a watan Yuni, ya bar ta a sanyi kwana casa'in. Ranar taro ya zuba kofi ɗaya ya ɗaga wa rana. Ana iya karanta jarida ta cikinta. Kumfar ta tsaya kamar hular gashi.

Aka turo Maigida Hynek ƙarƙashin bishiya, bargo a gwiwa. Ya ƙanƙance, amma ɗaurarriyar fuskar tana nan. Duk biyar ɗin suka miƙe, har kuramen. Radomil ya tuɓe hula, ya miƙa kofin da hannu biyu.

Tsohon ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa mai yawa, ya goge leɓe da bayan hannu.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ne, Maigida."

"Kai mai ganguna?"

"Ni ne, Maigida."

"Giya ce mai kyau. Da irinta muke yi da ba a rufe mu ba."

Radomil ya murɗa hular a hannunsa. "Amma ita ce, Maigida? Tamu?"

"Ina! Ko hanya ba su haɗa ba. Tamu in ta wuce takan bar wani abu a bayan harshe, kamar ka tsotsi makulli. Baƙi ba sa iya gama kofi ɗaya. Wane ruwa ka sa?"

Radomil ya fara bayani. Ya faro daga butar roba, ya bi ta tulun gishiri, ya iso hawa biyar, yana lissafawa da yatsu. Ya ce ya san duk wannan bai kai injin koriyar ƙofa ba, amma in Maigida zai taimaka, tunda yau ga su ga juna, ya faɗa masa abu ɗaya da injin yake cirewa.

Maigida Hynek ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ce wa 'yarsa ta je ta duba ko ta kulle mota. Sai da ta yi nisa ya sa yatsa ya kira Radomil kusa.

"Injin bai taɓa aiki ba."

"Na'am?"

"Ko minti ɗaya. Mota huɗu ya kamata su zo, uku suka iso. Ta huɗun, mai ɗauke da abin da ke tura ruwan, an kai ta wani kamfanin sukari. Muka rubuta wa gunduma. Suka ce a takarda an ƙaddamar, an yanke kyalle, ga hoto a jarida, saboda haka yana aiki. To shi ke nan, yana aiki."

"Amma Litinin, Maigida. Kana shiga da littafi."

"Rahoton mako nake cikawa. Lita kaza ta shiga, lita kaza ta fito. Sannan in juya dankalin manaja kada ya tsira. Ɗakin yana da sanyi mai kyau."

"Jar fitilar fa?" in ji Olda.

"Da wayar banɗaki aka haɗa ta."

Ruzena ta fara dariya, ta ga fuskar Radomil, ta mayar da ita tari.

"Na rubuto maka, Maigida," in ji Radomil a hankali. "Kai tsaye na tambaya."

"A wasiƙa? In rubuta da hannuna? Yaro, shekara ashirin da biyu ina sa hannu cewa yana aiki. Irin wannan magana ba a ɗora ta a takarda. Da ka zo ka same ni a lambu, inda babu bango."

Na ce, "Maigida, ai gwamnatin da kake tsoro ta faɗi shekara talatin da huɗu ke nan."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Haka suka ce."

Ya miƙa kofin a ƙara masa. Da alama ya ji daɗin sauke abin da ya ɗauka, don har kumatunsa sun yi ja. Ya dafa hannun Radomil kamar uba.

"Kada ka damu, abin ya zo maka da sauƙi. Daga rijiya muke ja kai tsaye zuwa tukunya, da tsatsarsa da komai. Rijiyar da ke ba ku ruwa. Je ka gida ka cire tarkacen nan, ka buɗe famfo. In ka dafa gobe, kafin Kirsimeti ka aiko mini kwalba biyu."

Kuramen nan biyu suna ta cin agwagwa.

Olda ne ya ce, "An toshe rijiyar, Maigida. A Afrilu. Da kankare."

"An toshe? Wane wawa ne ya kawo wannan shawara?"

"Ci agwagwarka, Maigida," in ji Ruzena, "tana hucewa."

Bohdana tana zaune a ƙarshen tebur, ita ta kawo burodi. Na saci kallonta, don na san abin da ni zan faɗa da ni ne ita. Ta cire tabaranta ta sa a jaka. Ta tashi ta karɓi hular daga hannun mijinta, ta miƙar da inda ya murɗe, ta ɗora masa a ka.

Washegari ya fita neman tsohon ruwa. Ya je wurin 'yan kwana-kwana, don tankinsu yakan yi shekara ba a taɓa ba. Sun juye shi a atisayen watan Mayu, suka cika da sabo. Ya je maƙabarta, inda ake tara ruwan ban furanni a duro, ya tarar ruwan sama ne. Ya buɗe gidan wata tsohuwa da ta rasu a Maris, da izinin ɗanta, ya samu abin da ya kwana a bututu bai cika kofi uku ba, kuma yana wari. Tsohon ruwan da ya rage a duk Tuchorin yana cikin kwalaben kokwambar bara, haɗe da ruwan tsami da tafarnuwa.

Na ce masa ina da lambobin gwajin farko, za mu iya ginawa. Muka zuba farar ƙasa mai takarda har ruwan ya yi nauyi, muka jiƙa tsofaffin ƙusoshi na mako guda don tsatsa. Ya dafa da shi, giyar ta nuna a watan Fabrairu. Maigida Hynek ya rasu a Janairu. Muka kai wa Olda a gidan kula da tsofaffi. Ya kurɓa ya ce tana ɗanɗanon ƙusa, ya tambayi Radomil ko shi ne sabon likita. Ruzena ta ce tun zazzaɓin da ta yi ba ta bambance giya da shayi, amma in yana so ta ce ita ce, za ta ce. Ya yi mata godiya ya ce a'a.

Har yanzu yana dafawa, sau biyu a shekara, kuma giyarsa ta fi duk wadda ake sayarwa a gunduma. Masu zuwa daga birni sukan roƙi kwalba. Yakan ba su ba tare da ya ɗanɗana ba. Yana sauya tantanin mai hawa biyar duk wata shida, ranar da takardar kamfani ta ce, ko da yake fatar takan fito fara kamar yadda ta shiga. Sauran matatai ukun suna jere a bango, kowanne lulluɓe da tsohon zane. Takardar godiyar majalisa tana rataye a kicin, saman famfo. Bohdana ce ta rataye ta, kuma ita ke goge gilashin.

Inda rijiyar take an shimfiɗa kwalta, an ja fararen layuka na ajiye motoci. Mota goma sha huɗu yake ɗauka, awa ta farko kyauta.